Dodon da Aka Yi da Yadin Kujera

Wallahi ko Alƙur'ani na dafa maka ba za ka yarda da wannan labarin ba. Ni kaina da abin ya faru a jikina, wani lokacin sai in ce ko zazzaɓi ne ya kwantar da ni na yi mafarkinsa. Amma ga shaidu nan cike da bene guda, kuma babu wanda bakinsa yake rufuwa a cikinsu. Gara ka ji daga wurina, domin su in sun tashi ba da labarin sai su cire fasahar su bar faɗuwar.

A ɗakin bayan shagon hoto na mijin yayata nake kwana. Shagon yana ƙasan bene, mai aski a damansa, mai gyaran kujeru a hagunsa, 'yan haya a sama. Aikina shara da yanka hotunan fasfo, aikin da bai ci ko rabin ƙwaƙwalwata ba. Makaranta kuwa ni na bar ta, ba ita ta bar ni ba. Na lura malaman sun fara maimaita kansu, kuma shugabanmu mutum ne da bai san wasa ba, kwaɗo ɗaya a aljihun tebur ya mayar da shi shari'a.

Mijin Yaya ma haka yake. Ranar da na ƙara wa wani mai neman aiki kunnuwan zomo a hoton fasfo, ya kira ni gaban Yaya, ya nuna babbar kyamararsa, wadda yake goge wa ido da wani ƙyalle da ko fuskarsa bai yarda ya taɓa ba.

"Auta," ya ce, "don darajar yayarka na bar ka. Amma ranar da yatsanka ya hau kan wannan, ranar za ka naɗe katifarka. Ka ji?"

"Na ji, Yallaɓai."

"Ina za ka je in na kore ka?"

"Duniya da faɗi."

"Duniyar ta riga ta san ka," in ji Yaya. "Ka kama kanka."

Gaskiya ta faɗa. Kawu ya kore ni, Gwaggo ta canja makulli. Ɗakin nan shi ne ƙarshen dangi.

Ran nan da hantsi babu ciniki, na shiga shagon aski shan fanka. Mai aski ya kunna wani fim na tsoro a talabijin ɗinsa, irin waɗanda ake ɗauko dodo daga tatsuniyar tsofaffi a sa masa kiɗa. Wai wani abu ne yake zaune a tsohuwar rijiya, yana fitowa yana kwashe masu ɗibar ruwa. Mai aski ya saki baki, inji yana kuka a hannunsa, wanda ake yi wa askin ma ya manta da rabin kansa. Mai kujeru, wanda muke ce wa Ƙusa saboda siririn jiki da ƙaton kai, yana tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje cikin shirin gudu.

Da dodon ya fito sai na fashe da dariya.

"Kai, lafiya?" in ji mai aski.

"Wannan ne dodon? Dubi bayansa, ga zif nan tun daga wuya har kugu! Dubi ƙafarsa, takalmin ƙwallo ne aka manna wa farce. Wannan in ya zo gidanmu ai aikensa za mu yi."

"To ni dai ya tsorata ni," in ji Ƙusa.

"Kai ai ko kyankyaso ya yi tari sai ka hau tebur. Ku saurara in koya muku, kyauta. Waɗannan masu fim jahilai ne. Tun kafin abin ya fito sun sa kiɗa yana sanar da kai, kamar motar kwasar shara. Da ya fito kuma sun nuna shi gaba ɗaya, da fitila a kansa, kamar mai tallan sabulu. Abin da ido ya ƙare wa kallo ya gama ba da tsoro. Rabin kai ake nunawa, zuciya ta ƙarasa sauran. Sannan matan nan masu ihu, tare suka ci abincin rana da dodon kafin a fara. Dubi waccan, tana ihu tana gyara ɗankwali. Tsoro na gaskiya sai a fuskar wanda bai san ana ɗaukarsa ba, a wurin da ya saba wucewa kullum, da rana tsaka, yana tunanin cefane."

Wanda ake yi wa aski ya ce, "Malam, a wace jami'a ka karanto wannan?"

"A jami'ar kwaɗo," in ji mai aski. Suka kwashe da dariya. "Darakta! A ba Darakta kujera!"

Na miƙe tsaye. "Ku yi ta dariya. Zan yi fim a cikin benen nan, da mutanen benen nan, wanda in kun kalla sai kun koma kwana da fitila. Kai mai aski, kai za ka fara gudu."

"Da wace kyamara?"

Na yi kamar ban ji ba.

Dama ta samu ranar da aka kira mijin Yaya ɗaukar hotunan 'yan makaranta a can gefen gari. Ya rataya ƙaramar kyamara, ya kulle babbar a kabad, ya sa makullin inda yake zaton ban sani ba, cikin tsohon takalminsa. Yaya ta tafi kasuwa. Na ce a raina, kyamara dai ba ta da baki. In ɗauka, in goge, in mayar.

A ƙarƙashin matakalar benen akwai wani ɗan ɗaki mai duhu, inda mitocin wuta suke, da tsofaffin bokitai, da wata 'yar taga ta baya mai kallon tsakar gida. Duk mai hawa ko sauka sai ya wuce ta bakin ƙofarsa. Na kafa babbar kyamara a kan ƙafafunta uku a kwanar matakala ta farko, tana kallon ƙasa, na kunna, na kifa mata kwalin firji da na huda wa rami. Kukan dodo kuwa na riga na tanada. Minsharin mijin Yaya na naɗa a wayata yana barcin rana a kan benci, na rage masa sauri. In ka ji sai ka ce wani abu ake ja a ƙarƙashin ƙasa.

Saura jiki. Na faɗa wurin Ƙusa.

"Ina son soso, da gam, da yadi mai gashi."

"Na me?"

"Na tarihi. Zan sa sunanka a ƙarshen fim."

Ƙusa ya leƙa waje, ya leƙa sama, sannan ya jawo wani ƙunshi daga bayan tarin katako. Yadi ne mai gashi, mai laushi kamar bayan kyanwa, amma ruwan hoda.

"Ƙusa, dodo zan yi, ba amarya ba."

"Shi ke nan gare ni. Kuma kada ka ce a wurina ka samu."

Ban tambayi dalili ba, manyan masu fasaha ba sa tsayawa ƙananan tambayoyi. Na ɗauko gwangwanin baƙin man goge takalmi na mijin Yaya, na ce wannan zai gyara launi. Muka yanka soso muka yi kai, ƙato kamar tukunya, da ƙaho biyu da haƙoran kwali, da 'yan ramukan ido ƙanana don kada a hango ɗan Adam a ciki. Ƙusa ya ɗauko allura zai ɗinka riga ya sa mata zif.

"Ajiye! Ba ka ji darasin ba? Zif ne ya kashe fim ɗin can. A jikina za ka manna."

"Darakta, wannan gam ɗin katako da soso yake haɗawa. Ban taɓa gwada shi a kan mutum ba."

"Shi ya sa har yau kake gyaran kujera."

Ya ɗaga kafaɗa, ya tsoma buroshi. Daga ni sai gajeren wando. Ya shafe ni da gam tun daga wuya har idon sawu, gaba da baya, ya bi da yadi yana dannawa da tafin hannu yadda yake yi wa kujera, har da ɗan bubbugawa a ƙarshe. Da farko sanyi na ji. Daga baya na ji kamar an naɗe ni a cikin barkono. Muka shiga shafa man takalmi, kai, ƙirji, ciki, gaban ƙafafu, sai gwangwanin ya ƙare.

"Bayan fa?" in ji Ƙusa.

"Wa ya taɓa ganin bayan dodo? Gabansa ake gani a ruga."

Na lallaɓa na shige ɗakin mita, na ja ƙofa na bar 'yar kafa. Zafi kamar murhu. Warin gam yana hawa kaina, tsakiyar bayana yana ƙaiƙayi babu halin sosawa, gumi yana gangarowa cikin soso har kan ya fara juyawa da kansa, ramukan ido suna tafiya wajen kunne. Sai na riƙa dawo da shi da hannu. Wahalar da masu fasaha suke sha ke nan, babu mai gani.

Na farko da ya zo mai gyaran wuta ne, jakar kayan aiki a hannu, waya maƙale a kunne. Ya turo ƙofa. Na ɗaga hannuwa, na baje farce, na yi wani gurnani daga can cikin ciki.

Ya ture ni gefe da gwiwar hannu, ya haska mita, ya ci gaba da wayarsa. "A'a, ba kowa, wata tsohuwar katifa ce ta faɗo mini. Mutanen gidan nan ƙazamai ne." Ya rataya jakarsa a ƙahona har ya gama abin da yake yi, ya sauke, ya fita.

Wannan ban sa shi cikin 'yan kallo ba. Mutumin da wuta ta sha ja ba a auna fim da shi.

Sai ƙananan yara suka taso daga makaranta. Na ji ƙarar 'yan takalma, na kunna minshari, na leƙo da rabin kai kawai, yadda ilimi ya tanada. Suka tsaya cak. Na ce yawwa. Sai wata 'yar mitsitsiya mai kitso biyu ta ce, "Laaa, ƙatuwar mage!"

Kafin in ja da baya sun rufe ni. Wannan ya rungume ƙafa, wancan yana tura mini biskit ta tsakanin haƙoran kwali, wata tana shafa cikina tana cewa kada in ji tsoro. Ni! Kada in ji tsoro! Na yi ruri iyakar ƙarfina. Suka yi tsalle suna tafi, "Ƙara! Ƙara!" 'Ya'yan zamani, an lalata su da katun, ba su san abin gudu ba.

Hayaniyar ce ta sauko da Kaka, uwar mai gidan benen, da sandarta, mataki ɗaya hutu ɗaya. Da ta zo kwana ta ɗan dafa kwalin firji, gabana ya faɗi, amma ya tsaya. Ta zauna a matakin ƙarshe, ta sa tabarau, ta dube ni sama da ƙasa kamar mai taya rago.

"Wannan mene ne?"

"Mage ce, Kaka!" in ji yaran.

"Dodo ne!" in ji mai aski, wanda ya fito da tawul a kafaɗa ya kama bango don dariya. Bai gudu ba, don taurin kai kawai, amma na ga gwiwarsa ta ɗan motsa.

"Dodon wa?" in ji Kaka. "Ina wutsiya?"

Mai aski ya ce, "Kaka, ai dodo ba shi da wutsiya. Wanda kakata ta ba mu labari ƙafafunsa ne a juye, dunduniya a gaba."

"Kakarka ba ta san komai ba. Wutsiya gare shi, da ita yake share sawunsa."

"Namu ido ɗaya gare shi," in ji wani mai wucewa da babu wanda ya tambaye shi, "a tsakiyar goshi."

"Wannan ma ai ido ɗaya gare shi," in ji mai aski. "Ga shi can wajen kunne."

Ka ga irin mutanen da nake zaune da su. Dodo yana tsaye a gabansu, da ƙaho da farce, su kuma suna gardamar wutsiya. Na ce bari in nuna musu. Na yi tsalle na dira a tsakiyarsu, na juya don in tarwatsa waɗanda suke bayana.

Nan aka yi tsit. Na ce a raina, sai yanzu! Sai na ji wata murya daga sama, mai kaifi kamar reza.

"Tsaya! Kai, tsaya nan! Kada ka motsa!"

Matar mai gidan benen ce. Ta sauko da sauri irin wanda ban taɓa zaton jikinta zai iya ba, ta damƙi gashin bayana, ta murza shi tsakanin yatsu.

"Yadin kujerata! Ƙusa! Ina Ƙusa? Fito, macuci!"

Ƙusa ya leƙo da rabin kai daga shagonsa. "Ranki ya daɗe, ai irinsa da yawa a kasuwa."

"Ƙarya kake! Ƙanwata ce ta aiko mini da shi, babu irinsa a garin nan. Ka ce mini bai isa ba! Ka rantse mini bai isa ba! Kujerata guda tana can tsirara na rufa mata zanin gado, in baƙi sun zo sai in tare ta da jikina, ashe ka ba wa… wannan mene ne ma?"

"Mage," in ji yaran.

"Ragowa ce, ranki ya daɗe, 'yar ragowa ce…"

"Ragowar da ta rufe ƙaton banza tun daga wuya har ƙafa? Cire mini!" Ta kama gefen yadin a kafaɗata ta fizga.

Ɗan'uwa, ban san ina da gashi a kafaɗa ba sai ranar. Na saki wata ƙara da ba ta cikin shirin fim. Yara suka yi tafi. Na ƙwace, na faɗa ɗakin mita, na rufe ƙofa, na tokare ta da bokitai, na ƙure sautin wayar don gurnanin ya kore su.

Ana cikin haka Yaya ta dawo daga kasuwa. Ina jin muryarta ta jikin ƙofa.

"Me ake yi a nan? Ku yi shiru tukuna." Aka yi shiru. Gurnanin ya ja dogo, ya tsaya, ya yi ɗan fito a ƙarshe. "Wannan ai minsharin mijina ne. Ga ma fiton nan." Ta ɗan nisa. "Ina Auta?"

Babu wanda ya amsa, amma har ta cikin katako ina jin yatsu suna nuna ƙofar.

"Auta, buɗe."

Na yi gurnani.

"Auta, ni kake yi wa gurnani?"

Na ƙara wani, ɗan ƙarami.

Matar mai gida tana cewa a fasa ƙofa, mai aski yana cewa a bar Darakta ya gama aikinsa, Ƙusa yana ta rantsuwa da iyayensa. A ciki kuwa kan soson ya gama juyawa gaba ɗaya, ramukan ido sun koma ƙeya. Na yi na yi ya ƙi dawowa, gam ɗin wuya ya kama shi a haka. Duhu ƙirin. Sai na ji Kaka tana magana a hankali, kamar mai ba jikoki labari.

"Ku yaran yanzu ba ku san dodo ba. Ƙaho da haƙori ai na shanu ne. Na gaske ba ya ruri. Ruri ai gargaɗi ne, ka ji ka gudu. Na gaske a bayanka yake tsayawa, inda ba ka gani, ya kira ka a hankali da muryar wanda ka sani. Wanda ka san ba ya nan."

Na ce a raina, ji tsohuwa, ta sace mini darasi tana rabawa. Sai hayaniyar ta lafa. Minsharin ma ya ƙare. Babu motsi, sai numfashina a cikin soso, da mita tana ƙis, ƙis, ƙis. Na ce sun gaji sun watse. Na jira. Shirun ya yi yawa.

Sai daga bayana, daidai ƙeyata, na ji an ce:

"Ɗan tsakona…"

Duk gashin jikina ya miƙe a ƙarƙashin gam. Mutum ɗaya ce a duniya take kirana haka, Innarmu, kuma ta rasu tun ina yaro. Ba muryar faɗanta ba ce kuwa. Ɗaya muryar ce, mai sanyi, mai zaƙi, wadda take kirana da ita in ta ɓoye silifas a bayanta.

"Ɗan tsakona… zo nan… ba abin da zan yi maka…"

Na daskare.

"Wa ya cinye naman tukunya?"

Yanzu kai da kake zaune lafiya za ka ce ai Yaya ce ta zagaya tsakar gida ta sa baki a 'yar tagar nan, kuma kowa ya san muryarsu ɗaya da Inna. Na sani. Ni ma da an ba ni fitila da ɗan lokacin nazari da na gano. Amma ƙafafuna ba su jira shawara ba.

"Ba ni ba ne, Inna! Yaya ce! Wallahi Yaya ce!"

Na bangaje ƙofa da bokitai da komai. Ashe duk suna nan tsaye, sun toshe bakuna. Na bi ta kan mai aski, na ji Ƙusa ya ce wayyo, na laluba na samu matakala, na hau da hannu da ƙafa, makaho, kai a gaba. Na manta da abin da na ajiye a kwana.

Kwalin firji ya yi wani ɓum. Ƙafafu uku suka harɗe da nawa biyu. Sannan na ji kyamarar tana sauka ita kaɗai, mataki bayan mataki, kowane da irin ƙararsa, na ƙarshe da ƙarar gilashi. Ni kuma na biyo ta a kan bayana mai ruwan hoda.

Aka yi shirun da na yini ina nema.

Wani ya kama kan soson da hannu biyu ya murɗa shi da ƙarfi har ramukan suka dawo gaba. Abin da na fara gani takalma ne, na san su. Na ɗaga ido. Mijin Yaya ne, ya gama aikinsa da wuri, ƙaramar kyamara a wuya, babbar a gabansa a ƙasa, idonta a fashe kamar ƙwai.

Bai yi ihu ba. Da ya yi ihu da na samu sauƙi. Ya ɗauke ta, ya dube ta, ya dube ni, ya ce a hankali, "Auta."

Kaka ta buga sanda a ƙasa. "Yawwa. Kun ji? Haka na gaske yake kira."

"Yallaɓai, bari in yi bayani. Wannan gwaji ne na ilimi…"

"Katifarka."

"Yallaɓai…"

"Yanzu. Yadda kake, da ƙahonka."

Yaya ta shigo daga tsakar gida tana share hawayen dariya, ta ga kyamarar, dariyar ta ɗauke. Ta harare ni, ta juya wurin mijinta ta sassauta murya. "Maigida, in ka kore shi a haka, ko 'yan sanda su kama shi ko masu gidan namun daji. Ka yi masa duk hukuncin da ka ga dama, amma a nan."

"Babu inda za shi da yadina!" in ji matar mai gida.

Mijin Yaya ya juya kyamarar a hannunsa. Ya zare katinta ya miƙa wa mai aski. Aka ja ni shagon aski, benen gaba ɗaya ya biyo, har da mai gyaran wuta da ya dawo neman sukudirebansa. Aka sa a talabijin. Kuma ka ji abin takaici: hoton ya fita tas. Haske daidai, kwana daidai, babu rawa. Amma wa ya yaba? Sai "mayar baya, mayar baya," wurin da na fito ina kiran Inna. Mai gyaran wuta ya ce, "Au, katifar nan mutum ce?" Yaya ta ce tun muna yara take so a san wa yake cinye naman.

Da aka sake zuwa wurin da yara suke rungumata, mijin Yaya ya ce a tsayar. Ya daɗe yana kallo. Ya juya ya dubi yaran da suka cika ƙofar shagon suna miƙo mini biskit. Na ga wani abu ya motsa a fuskarsa, wanda ya fi kora muni.

"Ba zan kore shi ba," ya ce. Yaya ta sauke ajiyar zuciya. "Kullum in an tashi makaranta zai tsaya a ƙofar shago da wannan kan da wannan gashin. Duk yaron da yake son hoto da mage, iyayensa su kawo shi. Har sai kyamarata ta samu sabon ido."

"Yallaɓai, dodo ne."

"Mage!" in ji yaran.

"Ni fa yadina?" in ji matar mai gida.

Aka yanke shari'a a tsaye. Gaba ya sha man takalmi, ya lalace, ya zama na shago. Baya kuwa lafiyarsa ƙalau. Ƙusa, wanda yake neman a manta da shi, ya zaro tef ya auna ni daga wuya zuwa kugu, ya ce zai rufe mazaunin kujerar sarai, in dai an cire shi a dunƙule ba a yanka ba.

"A jiƙa shi da ruwan ɗumi," na ce. "A sa kananzir. A kira likita. A jira ya gaji ya faɗi da kansa."

"Kananzir a yadina? Ko ɗigo. Kuma baƙi gare ni gobe."

Suka kwantar da ni rubda ciki a kan bencin masu jiran aski. Mai aski ya zauna a kan ƙafafuna. Yaya ta riƙe hannuwana tana cewa in yi haƙuri, kafaɗunta suna rawa. Kaka ta ce a fitar da yara waje, wannan ya fi ƙarfinsu. Ƙusa ya soke farce a gefen yadin wajen wuyana, ya gyara tsayuwa, ya tofa yawu a ɗaya hannun.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "lokaci ɗaya, ko a hankali?"

"Lokaci ɗaya!" na ce. "Ƙusa, don girman Allah, lokaci ɗaya!"

Matar mai gida ta jawo kujerar aski ta zauna.

"A hankali," ta ce. "A hankali sosai. Kada ya yage."